Hular Sallau ta Ƙarshe

Ku gyara zama, yau rigima na kawo muku.

A unguwarmu akwai wani maɗinkin hula, Sallau. Shekara talatin suna ciyayya da abokansa uku, Nomau da Wada da Jatau, bayan magariba kowa ya fito da kwanon gidansa a haɗu a tabarma ɗaya. Sai ciwon hanji ya kwantar da shi wata goma sha huɗu. Shi ya tashi, amma cikinsa bai tashi ba. Abin da ya ci duk, sai murɗa da gudawa, ya kwana biyu a dunƙule. Ya daina fitowa, don kunyar mayar da kwanon matar aboki bai taɓa ba. Ga girki sau uku a gidansa, ga mutum yana ƙarewa. Ni na gan shi, wallahi sai da na yi hawaye.

Nomau mai haƙuri ne. Wata biyu shi da Tabawa, matar Sallau, suna cire abu ɗaya-ɗaya daga tukunya, har suka gano masu laifin: nono da gero da dawa da gyaɗa, shinkafa ma sai ta ga dama. Ba don shi ba, da an kashe Sallau da kunun jinya. To amma me ya rage a ci?

Wada direba ne. Ya yi tafiyar kwana biyu ya samo acca, ya sa gidansa ma suka koma cinta don kada Sallau ya ga bambanci. Cikin ya karɓa, sai dai Sallau loma biyu yake yi ya ture.

"Wada, wannan ba ci ba ne, jiran mutuwa ne," in ji shi.

Jatau kuwa ba abin da ya iya sai rashin jin magana. Wata rana ya ɓoye ƙwaryar fura da nono a babbar riga ya kai masa. Sallau ya shanye, ya lashe ludayi, ya yi dariyar da aka fi shekara ba a ji ba. Kwana huɗu yana birgima, har an juyar da shi gabas. Tabawa ta ce kada Jatau ya ƙara taka mata gida. Amma da Sallau ya farfaɗo, da bakinsa ya nemi tuwon acca ya cinye tas, bisa sharaɗin duk Sallah Jatau zai kawo masa furar nan. Likita ya ce ta gaba tana iya zama ajalinsa. Sallau ya ce ya ji, ai ita yake rayuwa yana jira.

Yanzu hannunsa rawa yake, allura ta gagare shi. Hula ɗaya ta rage, wadda ya ɗinka a kwance, ya ce ta wanda ya raya shi ce. Tana nan rataye a ƙusa, Sallah kuma saura kwana tara.

To, wa za a ba hular nan: wanda ya gano abin da ke cutar da shi, ko wanda ya samo masa abin ci, ko wanda tun jiya ya yi wa Bafulatana maganar nono?