Damina da Ɗanta na Fari

Dalilin da ya sa ruwan sama ke yawa a kudu, yana raguwa in ka nufi arewa har ya ƙare a cikin rairayi, shi zan gaya muku, yara. Na manta garin da na ji shi, ko Agadas ne ko wani ƙauye kafin can, amma labarin yana nan.

A da, Damina tsohuwa ce mai tulu ɗaya da 'ya'ya biyu. Hamada ne na fari, Kurmi ne auta. Gida ɗaya suke, tana yayyafa wa kowa daidai, ko'ina kore shar. Sai dai kun san uwa da ɗan fari. Kunya ba ta barinta ta kama sunansa. Auta tana kiransa tana rangaɗawa, shi kuwa Hamada sai dai ta ce, "Kai, zo nan."

Da suka girma, Kurmi ya kafa gida a bakin teku, Hamada ya yi arewa can nesa. Damina ta ce za ta raba musu shekara. Ta fara da auta, ya riƙe mata zani har watanni suka shige, sannan ta cika tulu ta kama hanya.

Hamada ya share tsakar gida, ya shuka gero, ya zauna yana duban hanya. Gero ya fito, ya fara lanƙwashewa. Ran nan ya ji tafiyarta a bayan danga.

"Salamu alaikum. Mai gidan nan yana ciki?"

Ya miƙe zai fito, sai ya tsaya. Ya ce, "Inna, na yi ta jira. Kira sunana sau ɗaya, in fito in sauke miki tulun."

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Haba, kai kuwa. Da girmana?"

"Babu kowa a nan, Inna. Daga ni sai ke."

"Ai ni ina jin kaina," in ji ta.

Danga na tsakaninsu. Ta buɗe baki, sunan ya zo mata har maƙogwaro, ya koma. Da tulun ya yi mata nauyi, ta zuba ɗan kaɗan a ƙofa, ta juya. Ko da Hamada ya haƙura ya fito, sai sawunta ya tarar, yana bushewa.

Kurmi kuwa da ya hango ta sai dariya. "A'a, Inna, Yaya ya ƙoshi ne? Kawo nan, mu ba ma ƙi!" Ya juye tulun kaf a gonarsa.

Geron Hamada ya mutu. Rijiya ta ja baya, makiyaya suka kora dabbobinsu, tsuntsaye ma suka tashi. Ya rage shi kaɗai a cikin fili.

Shi ya sa har wa yau Damina ke daɗewa a kudu wurin auta. Mu da ke kan hanya, abin da ya fantsalo daga tulun a tafiya da dawowa shi muke noma da shi. Can bakin rairayi kuwa, na gani da idona, hadari kan haɗu baƙi ƙirin, ka ji yana gurnani ƙasa-ƙasa. Tsohuwar ce take gyara murya za ta kira ɗanta. Sai iska ta taso, ta ja mayafinta, ta juya.