Riƙe Sandar Nan, Kar Ka Ce Komai

Akwai wani dattijo a garin Ballarat mai suna Lindsay Purcell. Shekara talatin da takwas ya yi yana aikin kafinta, ashirin daga ciki shi ne babba a wurin gini. In ya ce a ɗaga katako, ɗagawa ake yi. In ya ce a sauke, ba mai tambayar dalili. Har ya yi ritaya ba a taɓa samun wanda ya dube shi ya ce masa "ba haka ake yi ba."

Burinsa guda ɗaya ne a duniya. Da sanyi ya kawo kai, ya ɗauki matarsa Noelene su nufi arewa inda ake ɗumi, su yi wata shida suna zagaya ƙasa. Saboda haka ya sayi 'yar tirela mai naɗewa, irin wadda ake ɗaurawa a bayan mota. A rufe akwati ce kawai mai taya biyu. In an buɗe ta sai tantin tamfol ya tashi, ga gado, ga rumfa, ga ɗan kicin da ake jawowa ta gefe.

Noelene ba ta ƙi ba, amma ta kafa sharaɗi.

"Za mu gwada sau biyu, kwana bibbiyu," in ji ta. "In na ga zan iya zama da kai a cikin abin nan, shi ke nan. In ba haka ba, ka tafi kai da amaryarka mai taya."

Lindsay ya yi dariya. Shi a ganinsa an gama magana.

Ranar da suka je ɗauko tirelar, mai sayarwa ya tsaya yana nuna yadda ake buɗe ta, daki-daki. Noelene ta saurara har tana rubutawa a bayan ambulan. Shi kuwa gogan naku yana kwance a ƙarƙashin tirelar yana duba walda. Abu ɗaya kawai ya shiga kunnensa, shi ma don ya ba shi haushi ne: wai kafin su je ko'ina, su buɗe tantin a gida, su jiƙa shi sharkaf da tiyo, su bar shi ya bushe, har sau uku.

"Sabon tanti fil, in jiƙa shi da hannuna?" ya ce a mota. "Yaran nan ba abin da ba za su faɗa ba."

"Ko gwajin buɗewa mu yi a ƙofar gida mana."

"In tsaya a bakin titi ina kokawa da tamfol, unguwa na kallona? Ni da na ɗora rufin gida ya fi ɗari? Haba Noelene."

To, jama'a, fita ta farko ba ta yi kyau ba. Mai sayarwa ya ce minti goma sha biyar ake yi. Lindsay ya yi awa biyu da kwata. Ya buɗe tantin tun bai daidaita tirelar a ƙasa ba, gado ya karkace. Sanduna goma sha huɗu ne, duk kamarsu ɗaya, amma kowacce da gurbinta.

"Miƙo min doguwar."

"Wacce? Dogayen uku ne."

"Doguwar mana! Sai na zana miki?"

Washegari Noelene ta tashi wuyanta a sanƙare. Ba ta ce komai ba. Lindsay ya ɗauka shirun nan yarda ce, ya ce filin ne ba shi da kyau.

Bayan sati biyu suka yi fita ta biyu, bakin kogin Murray. Sun isa ranar Juma'a da misalin ƙarfe uku, hadari ya fara haɗuwa ta yamma. Kun dai san halin mutanen filin zango. Duk wanda ya riga ya kafa nasa sai ya jawo kujera, ya riƙe kofi, ya juyo yana kallon sabon zuwa. Ba mai cewa uffan, amma ba abin da ke wuce su.

Suna cikin fama sai ga wata tsohuwa ta shigo fegin da ke kusa da nasu, ita kaɗai, tana jan wata tirela da rana ta cinye wa launi. Sunanta Merle Dunstan, shekararta saba'in da bakwai. Ta sauko tana ɗingishi, ta saka wannan, ta ja wancan, ba gaggawa ba hayaniya. Kafin Lindsay ya gama neman gudumarsa, tantinta ya tsaya, butar shayi na kan wuta.

Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya hau buga turaku kamar da su yake faɗa, ya ja tamfol ya ɗame ko'ina tamau, ƙofar tanti kuwa a buɗe.

"Lindsay," in ji Noelene, tana riƙe da sandar rumfa, "zif ake fara rufewa kafin a kafa turaku."

"Don Allah Noelene, riƙewa kawai aka ce ki yi."

Da ya zo rufe ƙofar, zif ya hau rabi ya tsaya. Gefe biyun sun yi nisa da juna, ko da tsiya ba za su haɗu ba. Ya ja, ya yi tsaki, ya sake ja. Gumi ya jiƙa masa riga. Can saman itace wani tsuntsu da ake kira kukabara ya kece da kukan nan nasa mai kama da dariyar ƙeta, wani daga cikin masu kujeru ya ƙware da abin da yake sha.

Merle ta tako a hankali.

"Maƙwabci, in sa hannu?"

"Na gode, Mama. Haɗa abubuwa sana'ata ce."

"To madalla. Ni dai na ga ƙofar ce take ta hamma."

Ta koma kujerarta. Lindsay ya tumɓuke turakun nan ɗaya bayan ɗaya, ya rufe zif, ya sake kafawa. Bai dubi inda Noelene take ba.

Suna ɗaga rumfa ruwa ya sauko. Ba wani ruwan a zo a gani ba ne, amma da Lindsay ya leƙa cikin tanti sai ya ga ɗigo na bin layin ɗinki, ɗis, ɗis, daga wannan kusurwa har waccan, yana sauka a tsakiyar katifa. Ya sa tukunya, wani wurin ya ɓalle. Ya sa kwano, wani ya ɓalle.

"Sun cuce ni! Ruɓaɓɓen tamfol suka sayar min!"

Ya fito a fusace yana neman wanda zai sauke wa. Ba kowa a gabansa sai Noelene, tsaye cikin ruwa, har yanzu tana riƙe da sandar da ya ce ta riƙe.

"Ke ma da kin riƙe abin nan daidai, da rufin bai yi ciki ba! Abu ɗaya tak aka sa ki!"

Noelene ta dube shi. Ta jingine sandar a jikin tirela a hankali, ta wuce mota, ta shiga ta rufe ƙofa.

Ya bi ta ya ƙwanƙwasa gilashi. Ta sauke shi kaɗan.

"Kusan shekara arba'in ina jin labarin mutanen da kake wa tsawa a wurin aiki," ta ce. "Su ko ba komai ƙarfe biyar suke tashi su tafi gidajensu. Ni ina zan tafi a tsakiyar daji? Ba zan yi wata shida ina maka leburanci ba, Lindsay. Ba zan je ba."

Ta ɗaga gilashin.

Ya san matarsa sarai. Ba ta cika magana ba, amma in ta faɗa ta faɗa. Ya tsaya nan ruwa na dukansa, ga tanti na yoyo, ga tafiyar da ya yi shekaru yana tsarawa ta tarwatse a yammaci ɗaya.

"Bawan Allah, shigo daga ruwan nan kafin ka narke," Merle ta kira shi daga rumfarta.

Wannan karon bai ce sana'arsa ce ba. Ya shiga ya zauna, ta miƙa masa shayi.

"Ka jiƙa tantin nan kafin ku fara fita da shi?"

Ya ce, "A'a."

"To ba wanda ya cuce ka. Allura in ta huda tamfol, ramin ya fi zaren girma. Sai zaren ya sha ruwa ya kumbura, ya bushe, ya sake sha, kamar sau uku, sannan ya toshe ramin. Kowane sabon tanti haka yake. Ba su gaya muku ba?"

"Sun faɗa."

"Af." Ta kurɓi shayinta. "Bari in ƙara maka ɗaya, tunda ba ni da aikin yi sai kallo. Tun da na zauna nan, sau huɗu matarka ta faɗi abin da ke gaba. Sau huɗun nan duk daidai ta faɗa. Mutum ɗaya ne ya iya kafa tantin nan a cikinku, kuma shi ka bai wa riƙon sanda."

Kunya ta rufe Lindsay. Ya rasa inda zai sa idonsa, sai cikin kofi.

Da safe suka naɗe tantin a jiƙe suka kama hanya. Awa uku suka yi a mota. Da suka isa gida ya ba ta haƙuri. Ta ce, "Na ji," ta shige ciki.

Sai ga wata sabuwa. Tamfol da aka naɗe a jiƙe, kwana kaɗan ya isa ya yi fumfuna ya lalace. Dole a buɗe shi ya sha iska, kuma ba inda tirelar za ta buɗu sai ƙofar gida, a bakin titi. Abin da ya ƙi yi da girmansa, ga shi zai yi shi dole.

Ranar Lahadi ya buɗe shi shi kaɗai. Awa ɗaya da rabi yana fama, sanda ta faɗo masa a ka sau biyu. Maƙwabcinsa na tsallaken titi ya leƙo ta kan shinge.

"Lindsay! Korar ka aka yi ne? In kawo maka bargo?"

"Je ka ji da ciyawarka," in ji Lindsay, kunnuwansa sun yi ja.

Da tantin ya bushe ya jawo tiyo ya jiƙa shi da hannunsa, layin ɗinki bayan layin ɗinki, masu wucewa da karnukansu suna rage tafiya suna kallo. Asabar ta zagayo ya sake. Ya rage minti goma kacal, kuma a wuri ɗaya ya sake maƙalewa, wurin sandunan rumfa. Noelene na ganinsa ta tagar kicin. Ba ta fito ba, shi ma bai kira ta ba. Takaici kamar ya kashe shi. Sau biyu ya ɗauki waya zai sa tirelar a kasuwa, ya ajiye.

Asabar ta gaba, karo na uku ke nan, ya sake isowa wurin rumfar. Ya tsaya da dogayen sanduna uku a hannu, ya juya wannan, ya juya waccan. Sannan ya ajiye su a ƙasa, ya taka har bakin tagar kicin.

"Noelene."

"Na'am."

"Ban san wacce ce ke gaba ba. Ban taɓa sani ba. Ki zo ki nuna min, don Allah."

Ta dube shi, hannunta cikin ruwan wanke-wanke. Sannan ta goge hannu ta fito.

"Naɗe shi duka. Daga farko za mu fara."

Ya naɗe. Ta sa ya daidaita tirelar tukuna, ta duba da idonta. Suka buɗe, ta zagaya ta rufe kowane zif. Ta zaɓo sanda ɗaya ta danƙa masa.

"Riƙe sandar nan. Kar ka motsa, kar ka ce komai."

Maƙwabcin nan ya riga ya jawo kujera. Lindsay ya gan shi, ya riƙe sandarsa.

Can ta ɗauko wata igiya ta zagaya da ita ta inda shi ba zai taɓa bi ba. Bakinsa ya buɗe da kansa. Maganar ta zo har kan harshe, yana jin ta tana ƙaiƙayi. Noelene ta tsaya cak, igiya a hannu, ba ta juyo ba, tana jira. Ya haɗiye abarsa ya rufe baki. Ta ja igiyar, rumfa ta miƙe sumul, ba ciki ba tattara.

Minti ashirin da biyu. Ta buga turke na ƙarshe, ta miƙe tana dafe ƙugu, ta dubi tantin, ta dubi mijinta da ke tsaye har yanzu da sanda a hannu don ba a ce ya saki ba.

"Ka iya saki," ta ce.

Ya saki.

"Wancan mutumin na bakin kogi, ko kwana biyu ba zan ƙara yi da shi ba. Wannan kuwa," ta nuna shi da guduma, "zan iya wata shida da shi. Amma ranar da wancan ya dawo, ko a ina muke, zan kwance tirelar in bar ku tare, ni in tafi da motar."

Lindsay ya buɗe baki, ya tuna, ya gyaɗa kai kawai.

Darasi: Gwaninta a abu ɗaya ba ta mai da mutum gwanin komai. Duk sabon abu sai ka yarda ka zama ɗan koyo a cikinsa, ko da mutane na kallo, kuma sau da yawa wanda ya san hanyar yana tsaye a gefenka, kai ne ka hana shi magana. Kar ka bari sai ya gaji ya tafi kafin ka ce "nuna min." Ku tura wa wanda kuka san ba a gaya masa, in kuma ku aka turo wa, to ku karanta sau biyu.