Ranar da Zalɓe Ya Ƙi Amsa Gaisuwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun gyara.

Zalɓe dai kun san shi, dogon tsuntsun nan mai wuya kamar igiyar guga. A Tafkin Ƙwarya aka haife shi, can ya girma, can ya koyi tsayuwa da ƙafa ɗaya. To, shekara uku a jere damina ta yi rowa. Tafki ya ja da baya, ya ja da baya, har ya koma laka, masu bulo suka zo suka kwashe lakar. Tsuntsayen ruwa kowa ya kama gabansa. Zalɓe ya shigo gari, ya koma cin fara da ƙadangaru a bayan shaguna.

Ba yunwa ce ta fi damunsa ba, kewa ce. Kewar ƙarar ruwa yake yi, irin wadda yake ji tun yana cikin ƙwai. In wata mata ta watsar da ruwan wanke-wanke a lungu, sai ya ruga ya tsaya a ciki, ya lumshe ido har ƙasa ta shanye. Abin tausayi ne wallahi, ga wanda bai san halinsa ba.

Wata rana da hantsi yana wucewa ta bayan wata katanga, sai ya ji cur-cur-cur. Ya tsaya cak. Ya miƙa wuyan nan ya leƙa. Ashe gidan Gwaggo Bushiya ne. Ga duro shuɗi cike da ruwa, ga baho uku an jera a kan bulo an cika su da tsakuwa, alayyahu da latas da yakuwa sun fito a ciki kore shar, babu ƙasa ko kaɗan. Ga tiyo ya hau, ga tiyo ya sauko, ruwa yana zuba cikin duro.

"Salamu alaikum, Gwaggo. Wannan kuma wane irin tafki ne a duro?"

"Ba tafki ba ne, gona ce," in ji Bushiya. "Tun da rijiyata ta yi ƙasa na ce ruwa ɗaya zai yi mini aiki biyu. Kifi su yi kashi a ruwa, ɗan injin sola ya tura ruwan cikin baho, saiwar ganye ta shanye kashin, ruwa ya dawo garau. Kifi na ciyar da ganye, ganye na yi wa kifi wanki."

"Kifi?" in ji Zalɓe, ya haɗiyi yawu. "Wane iri?"

"Karfasa."

"Allah sarki! Ni tun da wanzami ya hana ni kifi, ko kallonsu ba na yi."

To, Bushiya guntuwa ce, ga raunin ido, ga barcin rana. In tiyon sama ya toshe sai ta yi ta ɗage-ɗage ba ta kai ba. Ta dubi bakin Zalɓe, dogo siriri, ta ga kamar don tiyon aka ƙera shi. Nan take suka shirya: shi zai riƙa buɗe tiyo, ita kuma ta bar shi ya tsaya a gindin duro iya son ransa.

Kwana bakwai Zalɓe bai taɓa komai ba, a gaya masa gaskiyarsa. Yana tsaye da ƙafa ɗaya, ido a rufe, kunne a ruwa, yana ganin bado da gwangwala da uwarsa tana taka laka. Bai taɓa jin daɗi haka ba tun da ya baro gida. Rana ta takwas, Gwaggo na barci, sai wata karfasa ta taso ta kalle shi.

"Ita ta fara kallona," in ji Zalɓe. Muƙut! "Ɗaya ce tak, duro ba zai sani ba."

Kashegari wata ta kalle shi. Ɗaya ce tak, duro ba zai sani ba. Washegarin ma haka. Kai, har waɗanda ba su kalle shi ba, sai ya ce sun yi niyya. Duro kuwa bai sani ba, amma ganye ya sani. Da kifi ya ƙare taki ya ƙare, latas ya yi laushi, alayyahu ya koma rawaya, yakuwa ta sunkuyar da kai.

Ranar Litinin Bushiya ta tsinki ganye ɗaya ta tauna, ta tofar.

"Malam Zalɓe, ganyen nan yunwa yake ji. Kifina lafiya?"

"Lafiya lau, Gwaggo, sai dai kewa. Kewar kogi ta sa sun rame, sun rame, har ba a ganinsu."

"Har kashi sun daina?"

"Gwaggo, wanda ba ya ci, me zai fitar?"

Bushiya ta sosa ƙayar bayanta. "To, ba na ɗauki alhakinsu ba. Ranar Juma'a zan kifar da duron, in kwance injin, in koma sayen ganye a kasuwa."

Zalɓe ya dubi duron. Rashin kifi ya saba da shi, fara ma abinci ce. Amma a kashe masa cur-cur ɗin nan, ya koma bin ruwan wanke-wanke a lungu? Wannan kam ba zai iya ba. Ya tuna akwai kogi can kudu, da 'yar tazara. Ya ce a ransa zai je ya ɗebo 'ya'yan karfasa da ransu, a bakinsa, tunda ba shi da bokiti. Ku dai ku auna: Zalɓe, kifi a baki, ba haɗiya.

Talata ya je ya cika baki da ruwa da 'yan kifi, ya juyo a hankali don kada ya zubar. Ya sauka hutawa a gindin tsamiya, sai ga Hankaka.

"Sannu, Malam Zalɓe! Ina gajiya?"

"Ba gaj..." Muƙut!

Laraba ya koma. Wannan karon Akuya ce ta tare shi a bakin kasuwa. Ya yi dabara, ya ce ta hanci zai amsa.

"Ina wuni?"

"Mm."

"Ya aiki?"

"Mm-mm."

"Ya jikin Gwaggo? Ya muka ji da zafi? Ya bayan rabuwa? Ashe kuma tafkinku ya ƙafe, ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri sai ma..." Muƙut!

Saura Alhamis kaɗai. Zalɓe ya rantse ko sarkin tsuntsaye ne ya gaishe shi ba zai buɗe baki ba. Kifi suka yi masa wuyar kamu, sai bayan la'asar ya samu 'yan tsiraru. Ya wuce Hankaka, ya wuce Jaki, ya wuce Akuya tana cewa, "Oho, an zama manya!" Bai kula ba. Da ƙishirwar ganin gida ta ci ƙarfinsa, sai ya ratse ta tsohon Tafkin Ƙwarya, ya sauka a kan wani bulo da aka bari, yana duban ramuka.

"Dogon Inna! Kai ne?"

Ya waiga. Babu mai kiransa da wannan suna sai mutum ɗaya a duniya: tsohuwa Dinya, aminiyar uwarsa, wadda ta riƙe shi bayan uwar ta rasu. Ga ta nan ta tsufa, fiffike ya yi furfura, tana ɗingishi tana dariya.

"Ikon Allah! Shekara uku ina cigiyarka. Ni ma yawo nake, yau nan gobe can, na ce bari in biyo in ga wurinmu. Ina gajiya, ɗana? Kana cin abinci kuwa?"

Zalɓe ya dubi rana, ta yi ƙasa, babu lokacin komawa kogi. 'Yan kifi suna mutsu-mutsu a kan harshensa. Ya rusuna, ya kaɗa kai, ya kaɗa wuya, ya buɗe fiffike. Amma gaisuwa ba a yin ta da wuya.

"Ba ka gane ni ba ne?" in ji Dinya. Dariyar ta kau daga fuskarta. "Ashe haka birni yake mai da mutum. Ba komai. Allah Ya yi maka albarka."

Ta tashi da kyar ta yi gabas. Zalɓe ya bi ta da kallo, hawaye na bin dogon bakin nan suna ɗiga, bakin kuma a rufe gam.

Kafin magariba ya iso, ya juye 'yan kifi a duro. Ranar Juma'a Bushiya ta hau kujera, ta kai hancinta bakin ruwa.

"A'a! Kifina sun bayyana. Amma na ga sun koma yara."

"Ramar ce, Gwaggo. Yanzu suka fara murmurewa."

"Madalla. To, duro ya tsira. Miƙo mini ragar can in rufa musu, tunda na lura ta sama kewar take shiga."

Shi da kansa ya taya ta ɗaure ragar. Da ya gama bai ko tsaya ba, ya tashi sai tsohon tafki. Babu Dinya, sai sawunta a kan ƙura. Ya tsaya a kan bulon nan, ya buɗe baki iyakar ƙarfinsa.

"Ni ne, Iya! Ba gajiya! Ina cin abinci! Na sami wuri mai ruwa, ki zo ki ji!"

Masu bulo suka ɗago suka kalle shi, suka ci gaba da aikinsu.

Ƙurunƙus kan ɗan karfasa! Ba don kunnuwanku sun matsa mini ba, da ban yi wa Zalɓe wannan tonon silili ba. Ku dai daga yau in kun gai da mutum ya yi muku shiru, kada ku yi fushi, wataƙila kifi ne a bakinsa. Amma kafin ku tausaya masa, ku je ku leƙa duronku.