Noman da ya cinye dakwarar Mahmudu

Akwai wani manomi a Gadarif ta ƙasar Sudan mai suna Mahmudu, wanda ya gaji gonar faddan dubu, wato kusan eka dubu, a yankin Simsim. Ƙasar ta hukuma ce, takardar izini kawai ke hannunsa. Ba mugu ba ne, amma a ganinsa ɗan ƙodago hannu ne da shi, ba baki ba.

Doka ta ce mai babbar gonar damina ya bar kashi ɗaya cikin goma ga itatuwa. Shekaru Mahmudu yana toshe kunne, sai da aka ce ba za a sabunta masa takarda ba sai an ga itace a ƙasa. Nan fa hankalinsa ya tashi. Ya sa tarakta ta shuka irin dakwara, itacen ƙaro, a yammacin gonar, bai gaya wa kowa ba.

Da lokacin noma ya yi, 'yan ƙodago suka iso. Wani dattijo a cikinsu, Jatau, ya ga ƙananan tsirrai jere a layi, ya tari motar Mahmudu.

"Ya Hajji, akwai wani tsiro a yamma, shin..."

"Noma na ɗauko ku, ba surutu ba. Duk abin da ba dawa ba, a sare."

Gilashi ya rufe, mota ta wuce. Kwana huɗu suka yi, suka share wurin tas. Aiki kam ya yi kyau.

Ma'aikaciyar gandun daji, Wijdan, ta zo bayan ruwa ya ɗauke. Ta taka wurin da ƙafarta, ba ta ga ko tsinke ba.

"Ma'alesh, sai haƙuri," in ji ta. "Wa'adin damina ɗaya zan iya rubuta maka. In ta wuce haka, gonar ta koma hannun hukuma."

Kunya ta rufe Mahmudu, don ya san babu wanda zai ɗora wa laifi. Ya taka har bukkokin 'yan ƙodago, ya zauna a ƙasa gaban Jatau.

"Baba, baɗi za ka dawo ka kula mini da dakwarar da zan sake shukawa?"

Jatau ya miƙa masa kofin shayi.

"In Allah ya kai mu. Amma wannan karon ka bari in kai ƙarshen maganata."

Darasi: Bin doka ba ya kammala sai ka saurari waɗanda hannunsu ke cikin aikin. Kada girman kai ya sa ka katse na ƙasa da kai. Ku tura wa 'yan uwa su ma su amfana.