Rumbun Tsimi da Dokar da Ba a Rubuta Ba

A wani ƙauye a gindin dutse akwai wani mutum mai babban gida. Shi da ƙannensa da 'ya'yansu da jikoki, gandu ɗaya suke nomawa. Gidan yana da dokoki da yawa, amma da baƙo zai ce a kawo masa littafin da aka rubuta su, da an yi masa dariya. Waɗansu kakansu ne ya faɗa da bakinsa sa'ad da ya kafa gidan, aka yi ta maimaitawa har yara suka haddace. Waɗansu kuma hukunci ne da dattawa suka taɓa yankewa a gindin tsamiya, in irin wannan rigima ta sake tashi, sai a ce, "Ai an taɓa yin haka, ga yadda aka raba." Akwai wata tsohuwar takarda ta iyakar gona tsakaninsu da maƙwabta, ita kaɗai ce rubutacciya. Sauran duka al'ada ce, ba wanda ya san mafarinta, ba kuma wanda ya taɓa tunanin ƙetare ta.

Mutumin nan yana da 'ya mai suna Kande, ita ce 'yar farinsa. Ta yi aure a wani gari, ta haifi 'ya'ya, sai mijinta ya rasu. Ta ɗauko yaranta ta dawo gidan ubanta, zuciyarta cike da tsoro, gama ta san maganar kakansu cewa 'yar da ta yi aure, gonarta tana gidan mijinta.

Uban ya tara manyan gida a gindin tsamiya, ya ce, "Kakanmu ya faɗi wannan magana domin kada mutum ɗaya ya ci rabo biyu. Bai faɗe ta domin marayu su kwana da yunwa a gidansa ba."

Dattawa suka ga gaskiyarsa. Kafin rana ta faɗi an yanka wa Kande gayauna, wato 'yar gona tata ta kanta, aka kuma ba ta wurin zama a taron gida kamar kowane magidanci. Ba a yaga takarda ba, ba a je gaban alƙali ba. Tun daga ranar, duk 'yar gidan da ta dawo da marayu, haka ake yi mata. Kande ba ta taɓa manta wannan alheri ba.

Da kwanaki suka cika, uban ya tsufa, ya rasu. Bisa ga al'ada, babban ɗansa namiji ya zama mai gida. Sunansa Nomau, ƙanen Kande ne, ita ce ma ta goye shi yana jariri. Nomau mutumin kirki ne, mai ƙwazo, yana ƙaunar gidan nan kamar ransa. Aibinsa ɗaya, ba shi da haƙurin doguwar magana. In dattawa suka fara jan zance, sai ka ga yana karkaɗa ƙafa yana kallon gona.

A tsakiyar gidan akwai wani babban rumbu da ake kira rumbun tsimi. Nan ake ajiye hatsi saboda shekarar da ruwa ya ƙi, a liƙe bakinsa da laka. Mai gida ne kaɗai ke fasa liƙin, amma ba a taɓa jin mai gidan da ya fasa shi bai tara mutane ba.

Wata rana da safe Kande tana shara, sai ta ga jakuna a ƙofar gida, ga baƙi zaune a zaure, an kuma jingina tsani a jikin rumbun tsimi. Ta tambaya, aka ce mai gida ya shirya da waɗansu fatake zai ba su hatsin, su ba shi shanun huɗa. Ta tuna shekarar fari da ta gani tana yarinya, yadda rumbun nan ya riƙe gidan har sabon gero ya nuna, alhali a waɗansu gidaje ana cin ganye. Ta ajiye tsintsiya.

Ta iske baffanninsu biyu a gindin rumbun suna gardama. Ɗaya yana cewa, "Da kunnena na ji, kakanmu cewa ya yi kada a buɗe sai an yi shawara." Ɗayan yana cewa, "Ƙarya kake, ni na fi ka zama kusa da shi. Cewa ya yi sai an sanar. Ga shi kuwa an sanar." Kowa yana rantsuwa da furfurarsa, Nomau kuwa ƙafarsa ɗaya tana kan tsani, gatari a hannu.

Kande ta matso, ta durƙusa kamar yadda ake yi wa mai gida, ta ce, "Mai gida, a yi haƙuri a kira taro tukuna."

Nomau ya ce, "Yaya, damina ta kusa, fataken nan yau za su wuce. Da shanu za mu noma ninkin abin da muke nomawa. Don kaina zan yi? Ga su Baffa nan ma bakinsu bai zo ɗaya ba. A ina aka rubuta cewa sai na kira taro?"

Ba wanda yake da takardar da zai nuna masa. Samarin gidan suna tsaye, ba mai ikon riƙe hannunsa.

Kande ta miƙe a hankali, ta dafa tsanin, ta sassauta murya yadda baƙi ba za su ji ba. Ta ce, "Ba a rubuta ba, ƙanena. Amma gaya mini, a ina aka rubuta cewa kai ne mai gida? Ranar da muka binne Baba, ga baffanninka nan sun girme ka, suka matsa suka ba ka wurin zama, ba su nemi takarda ba. Ni ma ba a rubuta cewa ina da gona a nan ba. Abin da ya ba ka ikon hawa tsanin nan, shi ne ya ce ka tambaye mu. In ka sare wannan al'ada yau, a kan me za ka tsaya gobe?"

Nomau ya daɗe yana kallon gatarin da ke hannunsa. Kunya ta kama shi, sa'an nan ya yi 'yar dariya, ya sauke ƙafarsa. Ya ce, "Yaya, tun ina bayanki kike hana ni hawa abin da zan faɗo."

Ya aika aka kai wa fatake fura, aka roƙe su su jira. Gida ya taru a gindin tsamiya, aka ja zance har rana ta take, Nomau yana karkaɗa ƙafa amma bai tashi ba. A ƙarshe aka yarda a ba da wani kashi na hatsin a karɓi shanu, a bar sauran a liƙe. Aka kuma daidaita baffanni: daga yau, shawara ake nufi, ba sanarwa ba. Nomau da kansa ya faɗi haka da ƙarfi a gaban yara, domin su ji su riƙe.

Da aka watse, Kande ta koma ga shararta tana murna. Amma ta sani da ƙanenta ya ƙi ji, da ba abin da zai hana shi.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Gidan nan kamar ƙasa yake. Yawancin ƙasashe sun tattara tsarin mulkinsu a kundi ɗaya, amma akwai waɗanda ba su yi haka ba. Nasu tsarin a warwatse yake: wani a dokokin da majalisa ta kafa, wani a hukuncin alƙalan dā, wani a tsofaffin yarjejeniyoyi, da yawa kuma al'ada ce da shugabanni suka saba kiyayewa. Irin wannan tsari yana tanƙwaruwa kamar ɗanyen icce. In sabuwar bukata ta zo, yana iya buɗe wa gwauruwa da marayu ƙofa ba tare da an rushe gida ba. Amma abin da ke tanƙwaruwa don jinƙai, mai iko ma yana iya tanƙwara shi don gaggawa ko son kai. Dattawa biyu sukan tuna magana ɗaya dabam-dabam, talaka kuwa ba shi da shafin da zai ɗora yatsa ya ce, "Ga haƙƙina." Rubutu yana da amfaninsa, kada mu raina shi. Sai dai ko rubutaccen kundi ba ya sauko da mutum daga tsani in zuciyarsa ta taurare.

Haka yake a gidajenmu da ikilisiyarmu. Ba a rubuta cewa miji ya shawarci matarsa ba, ko dattijo ya saurari ƙarami, ko wanda aka ba riƙon abin jama'a ya tambaye su kafin ya taɓa. Allah ne yake rubuta irin wannan doka a zuciyar mai tsoronsa. In kai ne ka ga ana shirin ɓarna, ka yi magana da ladabi da ƙauna, kada ka yi shiru. In kuwa kai ne gatari yake hannunka, har ka ji bakinka zai ce, "A ina aka rubuta?", ka dubi mutanen da suka amince da kai ba tare da takarda ba, ka sauko.