Zumar Inna Delu

To, ku gyara zama ku raba mini wannan gardama.

A lokacin wata wahalar mai, Tasi'u tela ya wayi gari ƙafafun mahaifiyarsa, Inna Delu, sun kumbura suntum. Ranar wankin ƙodarta ce a birni, kuma in ta makara wani za a ba gurbin. Ga man motarsa bai fi ya kai shi gidan mai ɗaya ba. In ya je babu, shi ke nan.

Ya ɗauki waya ya buɗe shafin nan da mutane ke sa labarin mai da farashinsa kyauta. Labarin jiya ya ce akwai a gidan man bakin kasuwa. Har ya tayar da mota, sai ga saƙon Lantana mai awara: "Kar wanda ya zo nan, ya ƙare tun safe." Ita kuwa haushi ne ke sa ta rubutu. An taɓa tauye mata mudu a gidan man, ta rantse ba za a sake cutar kowa a gabanta ba.

Tasi'u ya rasa inda zai nufa. Can sai Malam Barau, tsohon malamin makaranta da tagarsa ke kallon wani gidan mai, ya rubuta cewa tanka ta sauke yanzu, ga farashi. Bawan Allah, tun rasuwar matarsa ba mai hira da shi. Yana rubutun ne don wani ya ce masa, "Mun gode, Baba."

Na ukun Gwadabe ɗan acaɓa ne, sarkin son a sani. Burinsa kawai sunansa ya hau saman shafin, shi ya sa ya je ya gani da idonsa. Ya ce layi ya toshe babban titi, a bi ta bayan makabarta. Ta nan Tasi'u ya bi, motar ta mutu daidai bakin famfo.

Ya sha mai, ya kai ta birni, aka yi wankin. Da yamma Tasi'u ya zauna yana matsa mata ƙafa, yana ba ta labari, hawaye na zubo masa. Inna Delu ta jawo kwalbar zumar da take ta ɓoyo.

"Kai wa wanda ya cece ni," in ji ta.

"Inna, su uku ne. Kuma ba wanda ya san da ke."

"To ai shi ya sa, ɗan nan."

Kwalba ɗaya ce, ta kuma hana a raba. Mai haushi, mai kaɗaici, da mai son suna: ƙofar wa Tasi'u zai ƙwanƙwasa?