Manomin da Ya Bar Ruwan da Ya Haƙa

Akwai wani manomi cikin mutanen da ake kira Momon, waɗanda aka kora daga garuruwansu saboda addininsu. Suka ɗora kayansu a keken shanu, suka nausa yammacin Amirka, har suka sauka a wani kwari busasshe. Manomin nan ya binne ɗansa a hanya. Yana cikin waɗanda suka haƙa magudanar da ta jawo ruwa daga duwatsu zuwa gonaki, har tafin hannunsa ya yi kanta.

Bayan 'yan shekaru, sai waɗansu 'yan'uwa suka iso. Dattawan ikilisiya suka ba kowannensu fili, da rabon ruwa daidai da na mutanen farko. Aka sa ɗaya daga cikinsu kusa da manomin. Kullum ya ga alkamar baƙon ta yi kore shar, sai zuciyarsa ta yi baƙi.

Ya je wurin dattawa ya ce, "Ina wannan yake sa'ad da muke fasa dutse da yunwa a cikinmu?"

Suka ce, "Ɗan'uwa, an rage maka ruwanka ne?"

Ya ce, "A'a. Amma bai sha wahalarsa ba."

Matarsa ta roƙe shi ya haƙura, ya ƙi. Ya kwashe iyalinsa zuwa wani kwari can gaba, inda ba wanda zai mori guminsa. Amma mutum ɗaya ba ya iya haƙa magudana. Shukarsa ta ƙone, sanyi ya shigo, yara suna kukan yunwa.

Ran nan sai ga baƙon nan da keken shanu cike da buhunan alkama. Ya ce, "Baba, ruwan da ka haƙa ne ya ba da wannan. Ka karɓa, ka komo gida."

Matar ta fashe da kuka don murna. Manomin kuwa ya dubi buhunan, sa'an nan ya ce, "To, kai fa, nawa ya rage a rumbunka?"

Ma'anar wannan misali ita ce, manomin shi ne mai bi da ya daɗe a ikilisiya, ya sha wuya dominta, amma yana ƙyashin sababbin tuba idan Ubangiji ya sa musu albarka. Ba a rage masa kome ba. Ya ku ƙaunatattu, ƙyashi yakan raba mutum da 'yan'uwansa, ya jefa iyalinsa cikin wahala. In ya yi nisa, ko alherin Allah ya zo har ƙofarsa, bakinsa ba ya iya cewa na gode.